SCADA da OMS a ware, ko ADMS a dunƙule: wanne ya fi wa kamfanin rarraba wuta?

Injiniya, barka da ƙoƙari. Ka ce kamfaninku zai sabunta ɗakin kula da layuka, an kuma kawo muku shawara biyu: ko ku sayi manhajojin SCADA da OMS kowacce daban ku haɗa su, ko ku sayi ADMS ɗaya da ta ƙunshi komai. Kana so a jera maka su gefe da gefe. Bari in fara da aikin kowacce, domin yawancin gardamar da ake yi a kan wannan batu ta sunaye ce kawai.

SCADA ita ce idon mai kula da hannunsa. Na'urorin RTU, masu tattara bayanai da karɓar umarni daga nesa, da aka girka a ƙananan tashoshi suna aiko mata labari: bireka (babban makunni mai yanke wuta) kaza a buɗe take, lodin fida (layin da ke kai wuta daga tasha zuwa unguwanni) kaza ya hau, ƙarfin wuta ya faɗi. Daga kan kujerarsa mai kula zai buɗe bireka ko ya rufe ta. A Amurka galibi na'urorin suna magana da ƙa'idar DNP3, a Turai da wurare da dama kuma IEC 60870-5-104. Sai dai ganinta ya tsaya inda aka sa mata na'ura, kuma a kamfanoni da yawa hakan na nufin bakin tashar da fida ta fito. In fiyus ya ƙone a wani reshe can ciki, ba ta da labari.

OMS, mai kula da ɗaukewar wuta, ta fi kusa da kwastoma. Tana tattara kiran masu ƙorafi da saƙon da mitoci masu sadarwa ke turowa a daidai lokacin da wuta ta ɗauke musu. Sai ta bi taswira daga gidajen zuwa sama, ta ce duk waɗannan suna ƙarƙashin taransifoma ɗaya, watakila a nan matsalar take. Ita ke raba wa ma'aikatan gyara aiki, ita ke lissafin SAIDI da SAIFI, wato tsawon lokacin da matsakaicin kwastoma ya yi ba wuta a shekara, da yawan lokutan da aka ɗauke masa. ADMS kuwa ta haɗa waɗannan biyun a kan taswira ɗaya da allo ɗaya, ta ƙara musu lissafi: yadda wuta ke gudana a kowane reshe, ko layin maƙwabta zai iya ɗaukar ƙarin lodi, da jerin makunnan da za a taɓa ɗaya bayan ɗaya.

Bambancin ya fi fitowa da misali. Ƙarfe biyun dare, ana iska da ruwa, reshen itace ya faɗo a tsakiyar wata fida ta 11kV. A ɗakin da manhajojin suke a ware, SCADA za ta yi ƙara ta ce bireka ta faɗi. Mai kula ya juya ga ɗaya allon, ya ga kira na shigowa OMS daga ko'ina a kan fidar, abin da bai nuna masa wurin da reshen ya faɗo ba, tunda kowa ne ba wuta. Sai ya tura mota ta bi layin da fitila. In an gano wurin, a buɗe makunnan da ke gefe biyu da hannu, sannan ya yi lissafi a kansa ko a takarda: in na ɗora ragowar mutanen a kan fidar maƙwabta, za ta ɗauka? A ɗakin ADMS, sashen da ake kira FLISR zai karanta na'urorin da ke nuna inda wutar da lalacewar ta jawo ta bi, ya ware yankin da ya lalace, ya duba sararin da ke fidar maƙwabta, ya mayar wa sauran mutane wuta. Kuma gaggawar nan tana da daraja a lissafi. A ƙa'idar IEEE 1366, ɗaukewar da ba ta wuce minti 5 ba ba ta shiga SAIDI da SAIFI. A Turai iyakar minti 3 ce.

Masu talla a nan suke tsayar da labari. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne FLISR ba ta da hannun kanta. Tana bukatar makunnai a kan turaku da za a iya sarrafawa daga nesa, da sadarwa mai aiki ko ana ruwa, da mahaɗa tsakanin fida da fida, da sarari a fidar da za a ɗora wa lodin. Kamfanin EPB na birnin Chattanooga a Amurka, wanda ake yawan buga misali da shi, sai da ya girka makunnai masu sarrafa kansu sama da 1,000 a kan layukansa tare da fayiba, da tallafin da gwamnatin ƙasar ta ba shi a 2009. In fidojinku duk a cike suke maƙil, ko kowacce tana tafiya ita kaɗai ba inda ta haɗu da wata, ADMS za ta gano matsalar ta nuna maka ita, sannan ta jira mota kamar kowa.

Abin da ya fi damuna, kuma shi nake so ka fi riƙewa, shi ne taswira. OMS da ADMS dukansu a kan bayanan GIS suke tsaye, wato taswirar layuka ta kwamfuta, amma haƙurinsu da kuskure ba ɗaya ba ne. OMS tana so ta san wane gida ke kan wace taransifoma, wace taransifoma ke kan wace fida. In an yi kuskure kaɗan, hasashenta zai karkace, ma'aikata su ɗan yi yawo kafin su dace. ADMS tana neman fiye da haka nesa ba kusa ba: kauri da nau'in waya a kowane zango, tsawonta, girman taransifoma, matsayin tap ɗinta mai daidaita ƙarfin wuta, da fes ɗin da kowane reshe yake kai, wato wacce daga cikin wayoyi ukun layin. In waɗannan ba daidai suke ba, lissafinta zai fito tsaf a kan allo, da launuka masu kyau, amma ƙarya ne. An yi kitso da ƙwarƙwata ke nan.

Na taɓa zama a wani ɗakin kula ina kallon mai aikin dare yana shirya kashe wani yanki domin gyara da safe. Manhaja ta fitar masa da jerin makunnai uku, ta ce in ya buɗe su wurin ya mutu. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya jawo wata tsohuwar taswirar takarda daga aljihun tebur, duk ta sha gyaran jan biro. Ya ɗora yatsa a kan wani layi ya ce min, wannan reshen an mayar da shi ɗaya fidar tun bara lokacin da aka canza turke, ba wanda ya shigar. Da an bi allon, da ma'aikata sun isa wurin da suke zaton ba wuta alhali tana nan. Gwajin waya da ɗaura ta da ƙasa kafin a taɓa shi ne katangar ƙarshe, kuma bai kamata a riƙa kai mutane ga katangar ƙarshe ba. Tun daga ranar na lura bai ƙara yarda da shawarar manhajar ba, ko a inda take da gaskiya. Kamfanin ya biya kuɗin ADMS, amma a matsayin SCADA ake amfani da ita.

Ta fuskar haɗi kuma, ADMS ce ke gaba. Manhajoji biyu daga kamfanoni biyu na nufin taswira biyu da dole a riƙa daidaita su kullum, kuma duk lokacin da ɗaya ta sabunta sai gadar da ke tsakaninsu ta girgiza. Ƙa'idojin CIM na musayar bayanai tsakanin manhajoji, wato IEC 61968 da IEC 61970, sun rage wahalar amma ba su kawar da ita ba. Farashin dunƙulewa shi ne ka ɗaure kanka ga kamfani ɗaya na shekaru masu yawa, su kuma kamfanonin nan suna canza hannu. Schneider Electric ta sayi Telvent a 2011. A 2020 Emerson ta sayi OSI, a shekarar kuma sashen layukan wuta na ABB ya koma hannun Hitachi. Don haka ku sa a yarjejeniya cewa bayananku naku ne, kuma za ku iya fitar da su a tsarin CIM duk ranar da kuka so.

Tsaro ma abin dubawa ne. OMS dole ta yi hulɗa da cibiyar karɓar kira, da mitoci, da wayoyin ma'aikata, duk abubuwan da ke kusa da intanet. SCADA kuwa so ake a killace ta. In an tara su a gida ɗaya, sai an gina katanga mai ƙarfi a tsakani. Ranar 23 ga Disamba 2015 masu kutse sun shiga tsarin kamfanonin rarraba wuta uku a Yukiren, suka buɗe birekoki daga nesa, kwastomomi wajen 225,000 suka rasa wuta. Abin da ya cece su shi ne ma'aikata sun je tashoshin sun rufe da hannu cikin sa'o'i. Haka a ranar 14 ga Agusta 2003, manhajar ƙararrawa ta kamfanin FirstEnergy ta tsaya cik fiye da awa ɗaya ba tare da masu kula sun sani ba, daga bisani mutane kimanin miliyan 50 a Amurka da Kanada suka shiga duhu. Wancan a manyan layuka ne, amma tambayar da ya haifar taku ce: in allon ya mutu, ko ya daskare yana nuna komai lafiya, me za ku yi?

Ra'ayina shi ne, in yawancin tashoshinku ba su da RTU, taswirarku ba a tantance ta a fili ba, kuma ba ku da makunnai masu karɓar umarni daga nesa, ku fara da SCADA da OMS, ku zuba ragowar kuɗin a kan tura mutane su bi layi turke bayan turke suna gyara bayanai. Ba a fafe gora ranar tafiya. In kuma kuna yawan rabon wuta saboda ƙarancinta, ku tabbata OMS ɗin tana iya bambance ɗaukewar da aka tsara da ta lalacewa, in ba haka ba za ta cika muku allo da ayyukan da babu su. Amma in kuna da waɗannan, ko sola ta yawaita a rufin kwastomomi har wuta na komowa baya da rana tana ɗaga ƙarfin layi, to lissafin kai ba zai ishe ku ba, ADMS ta zama dole. Akwai hanya ta tsakiya da na fi so: ku sayi ADMS da ake kunna ta sashe-sashe, ku fara da SCADA da OMS ɗinta, ku bar FLISR tana ba da shawara kawai na wasu watanni, mai kula yana gwada ta da abin da ya sani, kafin a sake mata hannu.

Kafin ku sa hannu, kada ku yarda da gwaji a kan taswirar da mai sayarwa ya zo da ita. Ku ba shi fidojinku uku, har da wadda ta fi ba ku ciwon kai, ya loda su yadda suke. Ku zaunar da masu aikin dare a gaban allon, ku kwatanta lissafin manhajar da abin da mitar tashar ta nuna a wannan sa'ar.