Tsakanin apt-key da Signed-By wajen amincewa da makullan rumbunan manhaja

A Debian da Ubuntu, nau'o'in tsarin kwamfuta na Linux, APT, wato manhajar da ke girka sauran manhajoji, ba ya karɓar manhaja daga wani rumbu sai ya tabbatar da sa hannun da ke kan jerin kayan rumbun, kuma hanyoyi biyu ne aka saba bi wajen ajiye makullin tabbatarwar.

Tsohuwar hanyar ita ce amfani da umarnin apt-key, wadda ke zuba kowane makulli a cikin fayil ɗin /etc/apt/trusted.gpg. Sauƙi gare ta, amma aibinta babba ne, domin makullin da aka shigar saboda ƙaramin rumbu guda yana samun ikon tabbatar da kayan sauran rumbuna, har da na Debian kanta. Idan aka sace ɓangarensa na sirri da ake sa hannu da shi, ɓarnar ba ta tsaya a kan mai shi kaɗai ba. Ga kuma al'adar neman makulli da gajeriyar lambarsa mai haruffa 8, wadda masu bincike suka nuna a 2014 cewa ana iya ƙirƙiro makullin bogi mai lamba irinta.

Signed-By kuwa, zaɓin da ake rubutawa tare da bayanin rumbu a saitin APT, yana ɗaure kowane makulli da rumbunsa, a ajiye makullin a /etc/apt/keyrings. Ya fi ɗawainiya, amma a ganina shi ne daidai, kuma Debian 13 ta cire apt-key gaba ɗaya. Sai dai bai magance komai ba: wanda ya sauko da makulli daga sabar da ke ɗauke da rumbun, bai gwada cikakkiyar shaidarsa mai haruffa 40 da wata majiya dabam ba, zai iya amincewa da makullin ɓarawon da ya kutsa cikin sabar bai sani ba.