Ƙurɗuba, Ishbiliya, Granada ko Toledo: Wanne Ya Cancanci Kuɗinka a Ƙarshen Hunturu?

Duk wanda ya samu bizar Shengen ta shiga ƙasashen Turai, kuma yake da 'yan kwanaki a hannunsa tsakanin tsakiyar Fabrairu da farkon Maris, yakan tsaya ruwan ido a kan tsofaffin biranen Sifaniya masu manyan majami'u, wato Toledo da Granada da Ishbiliya, wadda masu kallon ƙwallo suka sani da Sevilla, da kuma Ƙurɗuba, wadda zai gani an rubuta Córdoba a jikin tikitin jirgin ƙasa. Na taka dukkansu a irin wannan lokaci, kuma ba zan ɓoye ra'ayina ba: idan guzurin na birni ɗaya ne, a kai shi Ƙurɗuba.

Toledo tafiyar kusan rabin sa'a ce daga Madrid a jirgin ƙasa, amma a bisa tudu take, iskar Fabrairu tana ratsa ƙashi, kuma hawa da gangara za su ƙarar da gwiwar dattijo kafin azahar. Wuni ɗaya ya ishe ta. Granada kuwa fadar Alhamra ce ke kai mutane, majami'arta 'yar rakiya ce, kuma tikitin fadar yakan ƙare tun kafin ranar, ga sanyin da ke saukowa daga duwatsun Sierra Nevada masu dusar ƙanƙara. Ishbiliya tana da hasumiyar Giralda, wadda sarakunan Musulmi na daular Muwahhidai suka kammala a 1198 a matsayin hasumiyar masallaci kafin a ɗora mata ƙararrawa, sai dai birnin babba ne, masauki da tsada, kuma tun da minti 45 ne tsakaninta da Ƙurɗuba a jirgi mai sauri, babu dalilin kwana a can.

Abin da ya ɗaga Ƙurɗuba sama da sauran shi ne ginin da mutanen garin har gobe suke kira Mezquita, wato masallaci, duk da cewa babbar majami'ar birnin ce tun 1236, shekarar da Sarki Fernando na Uku ya ci garin. Abdurrahman ad-Dakhil ne ya fara gina shi wajen 785, waɗanda suka gaje shi suka yi ta faɗaɗawa har zamanin al-Mansur a ƙarshen ƙarni na goma. Da zarar mutum ya wuce farfajiyar ginin mai itatuwan lemu ya shiga, zai tarar da ginshiƙai sama da 800 jere cikin duhu-duhu, kowane biyu an haɗe su da baka biyu, ɗaya bisa ɗaya, jan bulo da farin dutse suna bin juna. Wanda ya taɓa ɗaga kai a cikin tsohon soro a Zariya ko Kano ya ga yadda magina ke ɗaure rufi da baka, zai gane dabarar nan take. A bangon alƙibla akwai mihrabin da Halifa al-Hakam na Biyu ya sa aka yi bayan 961, an lulluɓe shi da ƙananan gutsattsarin gilashi masu ruwan zinariya, da ayoyi cikin rubutun Kufi. Na daɗe a gaban shingen ƙarfen da ya kare shi ina harhaɗa baƙaƙen, har wani mai gadi ya matso yana kallon hannayena. A tsakiyar wannan dajin ginshiƙai ne aka huda rufi daga 1523 aka tayar da majami'a mai tsawo da haske, ta yadda taku goma ke fitar da mutum daga wani zamani ya shiga wani.

Dalilin kallon mai gadin ya kamata maziyarci ya san shi tun daga gida: ba a yarda Musulmi ya yi salla a ciki ba, kuma ana tsayar da duk wanda ya yi haramar ruku'u ko sujada. Mai neman jam'i ya nufi ƙaramin masallacin al-Morabito da ke lambun Colón. Ga wanda ya tashi a zauren karatu, birnin yana da wani nauyi na daban, domin a nan aka haifi Ibn Hazm a 994 da Ibn Rushd a 1126, kuma garin ne nisbar Ƙurɗubi mai tafsiri. Kilomita takwas yamma da gari akwai kangon Madinatuz Zahra, fadar da Abdurrahman na Uku ya fara a 936, amma ba a buɗe ta ranar Litinin.

Ƙarshen hunturu shi ne lokacin da Ƙurɗuba ta fi daɗin zama. A Yuli zafinta yakan haura digiri 40, a Mayu bikin furannin tsakar gida yana cika lunguna maƙil, a makon Ista kuma kuɗin ɗaki yana tashi. A Fabrairu rana tana da ɗumi, dare da sanyi sosai, ruwa yakan sauka, lemun kan titi ya nuna jajir, sai dai mai ɗaci ne, kada a yi sha'awar tsinka. Rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe takwas, wanda ya dace da sa'ar da ake barin ɗaiɗaikun mutane su shiga Mezquita kyauta, daga 8:30 zuwa 9:30 na safe, Litinin zuwa Asabar, in ba wata hidimar coci ta gitta ba. Ranar 28 ga Fabrairu hutun yankin Andalusiya ne. A shekarun nan azumi yana faɗowa daidai wannan lokaci, yini gajere, amma gidajen abinci ba sa buɗe na dare sai wajen takwas, don haka a riƙe dabino a aljihu.

Ni abin da nake fara tambaya yanzu kafin farashi shi ne ko ɗakin yana da na'urar ɗumamawa mai aiki. Tsofaffin gidajen unguwar da ke kewaye da Mezquita an gina su ne domin korar zafi: bango mai kauri, daɓen tayil, tsakar gida mai inuwa. Na taɓa kama irin wannan ɗaki saboda kyan hotonsa, na kwana uku da rigar sanyi da safa biyu, alwalar asuba kuwa sai da na yi ta maza. A rubuta wa masaukin a tambaye su kalmar calefacción, wato ɗumama ɗaki, a kuma karanta ƙorafin waɗanda suka sauka a Janairu, domin yabon baƙin bazara ba ya amfanar baƙon hunturu.

Sai batun macuta, wanda ya fi komai cin kuɗin baƙo. Idan ka nemi tikitin Mezquita a intanet, shafukan da ke fitowa a sama galibi tallace-tallace ne na 'yan kayi-nayi, masu ɗauke da hoton ginin da suna mai kama da na hukuma. Ɗaya daga cikinsu ya karɓi kusan ninkin kuɗin shiga a hannuna da sunan tikitin tsallake layi. Da na isa babu layin da za a tsallake, kuma abin da aka aiko mini takardar alkawari ce kawai, wadda sai na jira wani ɗan jagora ya canza ta, shi kuwa bai ɓullo ba sai da aka yi minti 40 ina tsaye cikin yayyafi. A Fabrairu sayen tikiti a wurin sayarwa na hukuma ya wadatar, in kuma ta intanet ne, a tabbatar shafin na majalisar majami'ar ne kanta. Haka nan a gida, kuɗin bizar Shengen ga babba yuro 90 ne, kuma ana buƙatar inshorar lafiya mai ɗaukar aƙalla yuro 30,000. Duk dillalin da ya ce zai haɗa maka takardar otal ta bogi, to ya shirya maka hanyar da za a ƙi ka ne, domin ana iya bincika ta.

A bakin ƙofofin ginin akwai mata masu miƙa wa baƙo ɗan reshen ganye mai ƙamshi da ake kira romero, da fara'a kamar kyauta. Wanda ya karɓa, sai a cafke tafin hannunsa a shiga yi masa duba, sannan a nemi kuɗin takarda, ba a karɓar tsaba cikin daɗin rai. Ban da asarar kuɗi, wannan bokanci ne tsagwaronsa, saboda haka a sa hannu a aljihu a wuce ba tare da an tanka ba. A gidajen abincin da ke daf da bangon, inda ake jera hotunan abinci a ƙofa, farashin na baƙi ne, kuma alamar halal a allo ba hujja ba ce sai an tambaya. Miyar tumatir mai sanyi da garin ya shahara da ita, salmorejo, ana barbaɗa mata naman alade a kai, sai an ce sin jamón, wato ban da naman alade, tun kafin a zubo. Abincin da ake kira flamenquín da naman alade ake yinsa, wutsiyar bijimi kuma da giya ake dafa ta. Soyayyen gauta da zumar rake shi na fi samun natsuwa da shi, kuma a lungu na uku daga bangon na ci shi da arha fiye da na bakin ƙofa.