Manhajar Praat a Hannun Mai Nazarin Sautin Hausa

Duk ɗalibin da ya taɓa zama a ajin tsarin sauti ya san irin gardamar da kan ɓarke idan aka zo maganar karin sauti, wato hawa da saukar murya a kan gaɓoɓin kalma, inda wani zai rantse cewa karin sama ya ji a gaɓar ƙarshe, wani kuma ya ce na ƙasa ne, har lokacin darasi ya ƙare ba a daidaita ba. Manhajar Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam da ke ƙasar Holan suka fara ginawa a farkon shekarun 1990, an yi ta ne don a riƙa auna magana maimakon a dogara ga kunne kaɗai. Sunanta ma daga kalmar magana ya fito a harshen mutanen Holan. Kyauta ake sauke ta, ba ta da nauyi, kuma tana aiki a kan Windows da Mac da Linux ko da kwamfutar ta tsufa.

Idan aka naɗi murya aka buɗe ta a ciki, igiyar sautin za ta bayyana a sama, a ƙasa kuma wani hoto mai duhu da haske da ke nuna yadda ƙarfin sautin ya rarrabu, sannan a kansa akwai shuɗin layi da ke bin hawa da saukar murya. Wannan layin shi ne abin da mai nazarin Hausa zai fi daɗewa yana kallo, domin yana ƙirga sau nawa tantanin maƙwallato ke kaɗawa a daƙiƙa guda. A furta baba na mahaifi, layin zai taso daga ƙasa ya hau. A furta baba na goggo, sai ya fara daga sama ya gangaro. Baba na rini kuwa a sama zai miƙe daga farko har ƙarshe. Haka nan kai na wakilin suna da kai na jiki suna rabuwa a fili, domin na biyun faɗau ne, wato karin da ke farawa daga sama ya faɗo ƙasa a gaɓa ɗaya. Abin da ya fi burge ni shi ne doguwar jimla, inda ake ganin kowane karin sama da ya biyo bayan karin ƙasa yana ɗan sauka ƙasa da wanda ya gabace shi, har ya zamana karin sama na ƙarshen jimla yana iya kusantar matsayin karin ƙasa na farkonta. Masana sun daɗe suna kafa misali da Hausa a kan wannan gangarowa, amma ganinta da ido a muryar mutum kansa yana da daɗinsa.

Tsawon wasali ma ana auna shi cikin sauƙi: a yi wa wasalin farko na gari da ake zama a cikinsa iyaka, a yi wa na garin tuwo, sai a kwatanta tsawonsu da ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Ana rubuta waɗannan iyakoki a wani fayil da ake kira TextGrid, kuma wanda ya koyi ɗan harshen umarni da ke cikin manhajar zai iya sa ta auna ɗaruruwan kalmomi a zama ɗaya. Akwai kuma damar sauya karin kalma ko tsawaita wasali da gangan, sannan a kunna wa masu sauraro su zaɓi abin da suka ji, wanda shi ne ginshiƙin gwajin fahimtar sauti.

Inda ya kamata a yi hattara shi ne amincewa da shuɗin layin nan ido rufe. Layin ƙiyasi ne da lissafi ya samar, kuma yana yankewa a kan baƙaƙe marasa ziza, wato waɗanda tantanin maƙwallato ba ya kaɗawa wajen furta su, irin su s da k da t. Baƙaƙenmu masu ƙugiya da kuma ts sun fi ba shi wahala, domin ɓ da ɗ suna zuwa da matsewar maƙwallato da ke hargitsa kaɗawar tantanin, ƙ da ts kuwa tunkuɗau ne, wato maƙwallato ne ke rufewa ya tunkuɗo iskar waje, sai layin ya yi tsalle ko ya faɗo rabin inda ya kamata ya tsaya. Wanda bai san harshen ba zai iya ɗaukar wannan a matsayin karin ƙasa, alhali Bahaushe da ya saurara sau ɗaya ya san ba haka ba ne. Dole ne kuma a gyara iyakar ma'auni gwargwadon mai magana, tunda muryar babban namiji tana yawo ne kusa da kaɗawa 100 zuwa 150 a daƙiƙa, ta mace kuwa takan wuce 200.

Fuskar manhajar ba ta da ado ko kaɗan, komai da Turanci yake, kuma tana buɗewa da tagogi biyu da kan rikita sabon shiga. Ba ta adana aiki da kanta, don haka a wurin da wutar lantarki ba ta da tabbas sai an saba da adanawa bayan kowane ɗan aiki. Ingancin naɗin murya ma yana da muhimmanci, gama saƙon murya na WhatsApp an matse shi, kuma ƙarar janareta ko fanka tana shiga hoton ta ɓata shi; gara a naɗa a tsarin WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, cikin ɗaki mai shiru, makirufo kusa da baki.

Ina ba ɗaliban sashen harsuna shawarar su sauke ta tun suna aji biyu, su fara da kalmomi goma da suka tabbatar da karinsu, kowace a cikin jimla iri ɗaya, su maimaita naɗin sau uku, kafin su taɓa muryar wani.