Human Sacrifice ko Weapons of Our Warfare: wanne za ka fara saya?

Ɗan'uwa, ka ce kuɗin faifai ɗaya gare ka, ga shi an sake buga Human Sacrifice na Vengeance Rising da Weapons of Our Warfare na Deliverance, wanne za ka ɗauka? Ni ma ta sabon bugu na san su, don lokacin da suka fara fitowa ko sunan kiɗan thrash, wato kiɗan jitar lantarki mai gudu da ƙara, ban taɓa ji ba.

Uwa ɗaya uba ɗaya suke, in ka duba asali. Duka ƙungiyoyin na mawaƙan Kirista ne, daga yankin Los Angeles na jihar Kalifoniya suka fito, kuma kamfanin Intense Records ne ya fitar da fayafayan biyu, na farko a 1988, na biyu a 1990. Amma halinsu ya sha bamban.

Human Sacrifice ɗanye ne. Roger Martinez, mawaƙin Vengeance Rising, ba rera waƙa yake yi ba, gurnani yake yi daga cikin maƙogwaro, har in ba ka riƙe takardar baitocin a hannu ba, da ƙyar ka tsinci kalma biyu a jere. Hoton bangon faifan ma hannu ne da aka kafa wa ƙusa, yana nuni da gicciyewar Almasihu, wanda shi ne hadayar da sunan faifan ke nufi. Wannan hoton ya sa wasu shagunan littattafan Kirista a Amurka suka ƙi ajiye shi. Ina girmama faifan nan ƙwarai, domin shi ya share wa na baya hanya. Sai dai akwai abin da ke sosa mini rai duk sa'ad da na saka shi: daga baya Martinez ya fito fili ya ce ya bar bangaskiya. Jin mutum yana shelar abin da zai juya wa baya ba ƙaramin nauyi ba ne, gara ka sani tun yanzu.

Na Deliverance kuwa gudu ne mai tsari. An ɗauko sunansa daga 2 Korintiyawa 10:4, inda Bulus ya ce makaman yaƙinmu ba na jiki ba ne, kuma zancen yaƙin ruhaniya ne ya ratsa faifan. Muryar Jimmy Brown tana hawa sama tas, kana jin abin da yake faɗa. Ga jitar George Ochoa, wanda a wannan faifan ya shigo ƙungiyar, tana yanka kamar sabuwar aska. Ranar da na fara saurara, sau uku na maimaita waƙar da ke ɗauke da sunan faifan kafin in wuce gaba. Bidiyonta har tashar MTV ta nuna, abin da ba kasafai mawaƙan Kirista masu irin wannan kiɗa suke samu ba a lokacin.

Batun sauti, kada ka sa ran gyaran sabon bugu zai wanke Human Sacrifice ya koma sumul. Kaushin nan a jikinsa yake, kuma da shi ake son sa.

Tunda ka ce kunnenka bai saba da gurnani ba tukuna, ɗauki na Deliverance. In ka samu wanda ya zo da ɗan littafin baitoci, shi za ka saya, ka buɗe wasiƙar Bulus a gefe kana ji kana dubawa. Na Vengeance Rising ya jira albashin wata mai zuwa.