Agogon kiran sallah da sauyin lokacin Ingila

Ga 'yan uwa mazauna Ingila masu tambayata game da agogon kiran sallah da ke rataye a falona a Birmingham: ku saya, amma ku san halinsa tukuna.

Muryar ladanin tana fita garau har kicin, ana kuma iya rage ta da asuba saboda maƙwabta. Lambobinsa manya ne, Hajiya tana karantawa ba tabarau. Azahar da Magariba sun dace da jadawalin masallacinmu. Isha da Asuba kam sai an gyara da hannu a watan Yuni, domin a nan hasken shafaƙi ba ya gama gushewa.

Inda ya ba ni haushi shi ne sauyin lokaci. A Ingila ana tura agogo gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Maris, a mayar da shi baya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Nawa agogon kuwa tsarin Amurka aka saka masa, inda tun 2007 suke sauyawa a Lahadi ta biyu ta Maris. A 2025 sai ya yi gabansa ranar 9 ga wata, ana tsakiyar azumi, alhali mu sai 30 ga wata. Don Allah idan naku ya yi haka kada ku mayar da awar da hannu. Jadawalin sallar da ke cikinsa ba zai bi ku ba, sai ya kira Asuba a makare da awa guda, mutum yana sahur alfijir ya riga ya keto. Ku kashe maɓallin sauyin, ku riƙa kunna shi da kanku idan ranar ta zo.

Ba laifin agogon ba ne shi kaɗai. Tun 1916, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka shigo da wannan al'ada don tsimin gawayi. Majalisar Tarayyar Turai ta kaɗa ƙuri'ar soke ta a 2019, maganar ta tsaya nan. Ni ina tare da masu cewa a daina mayar da agogo baya. Daga ƙarshen Maris zuwa Oktoba lokacinmu ɗaya da Kano, ina kiran gida ba lissafi. Da sanyi ya shigo sai su riga mu da awa guda, yara kuma su taso daga makaranta rana tana shirin faɗuwa.

Kafin ku biya, ku sa mai shago ya nuna muku inda ake kashe maɓallin nan.