Laftof ɗin gem ko tsohuwar kwamfutar tebur: wacce za ta ɗauki lissafin Mott?

Ƙanena, tunda DMFT (hanyar lissafin halayyar ilektaron masu tunkuɗe juna a cikin abu) za ka yi a kan V2O3 (haɗin banadiyam da oksijin) don ganin juyin Mott, wato rikiɗewar ƙarfe mai wuce da lantarki zuwa mai tare shi, sayi ta tebur kawai, ka bar musu laftof ɗin gem a shago.

Tawa HP Z840 ce ta hannu, furosesa Xeon biyu, ƙwayar lissafi (core) 28 jimilla. Nauyi kamar rabin buhun siminti, amma ita ta fitar da ni kunya. Da samfurin Hubbard mai zango ɗaya, wato sauƙaƙan tsarin lissafi mai zangon makamashin ilektaron (band) guda, na fara gwada ta. Na dinga ƙara U, wato ƙarfin tunkuɗe juna tsakanin ilektaron biyu a atam ɗaya, kaɗan-kaɗan har ilektaron suka daina tsallakawa daga atam zuwa atam, kowa ya maƙale a gidansa, sannan na juyo ina ragewa. Sai hawa da sauka suka ƙi haɗuwa! A tsarin jeren atam na lissafi da ake kira Bethe, idan sanyi ya yi tsanani, ƙarfe na jurewa har U ta kai wajen 2.9D, mai tare lantarki kuma ba ya sakin jiki sai an sauko wajen 2.4D, inda D ke nufin rabin faɗin zango. Daren da na ga wannan giɓin da idona, sai kiran assalatu na ji.

Sirrin fifikon ta tebur yana wajen CT-HYB, hanyar warware lissafin da ke cikin manhajar TRIQS. Monte Carlo ne, wato lissafi ta hanyar jefa ƙuri'a barkatai, kowace ƙwaya na jefa ƙuri'arta ita kaɗai, kuma kafin hayaniyar sakamako ta ragu da rabi sai ka ninka yawan ƙuri'un sau huɗu. V2O3 ɗinka kuwa obital (mazaunin ilektaron) uku da ake kira t2g gare shi a kowane banadiyam, ga shi yana juyewa zuwa mai tare lantarki ne cikin tsananin sanyi, wajen 150 K (ma'aunin Kelvin), kuma duk saukar zafi ƙarin awoyi ce.

Laftof ɗin ita na fara saya, har yau ina jin ciwon kuɗin. Katin hoton da na biya tsada dominsa ko motsi bai yi ba, zafin Afrilu kuma ya sa ta rage gudu da kanta. Ta dai iya rubuta kundi.

Ta tebur akwai shan wuta, sai da inbata, kuma ka riƙa adana kowane zagayen lissafi a fayil ɗin HDF5.

Ka kula da 'yan kasuwa. Wani zai rantse maka ƙwaya 56 ce, alhali 28 ce aka ƙirga sau biyu. Je da Linux a filash, buga umarnin lscpu mai nuna bayanan furosesa a gabansa, a buɗe murfi ka ƙirga RAM da hannunka kafin ka tura ko sisi.