Daren kallon taurari a kubbar jami'a: abin da ido ke gani da abin da haske ke faɗa

Jami'o'in da ke koyar da ilimin taurari sukan buɗe kubbarsu, wato ɗakin da madubin hangen taurari yake, ga jama'a lokaci-lokaci. Daren da na halarta ya cancanci zuwa, amma da sharaɗi: wanda ya taho yana tsammanin hotuna masu launi irin na Hubble, madubin hangen nesa da ke sararin samaniya, zai koma da sanyin gwiwa.

Madubin hangen nesan da ke kubbar faɗinsa inci 14 ne, kusan santimita 35. Ƙwayar idon mutum, ko a duhu, da wuya ta buɗe fiye da milimita 7, don haka madubin yana tara haske kusan ninki 2,500 na abin da ido ke tarawa. Aikinsa na asali ke nan, tara haske. Girmama abu kuwa ya danganta da ɗan gilashin da ake sa ido a kai. Wannan madubi yana haɗa haskensa a tazarar milimita 3,910. In aka raba da gilashi mai milimita 25, an sami ninki 156. Baƙi suka yi ta roƙon a ƙara, ɗalibin da ke kula da na'urar ya ƙi, kuma gaskiyarsa ne. Iskar sama a kullum tana motsi, in ka ƙara ninki rawar ka ƙara. Daren da taurari ke ƙyalƙyali sosai ba daren kallo ba ne. Shi ya sa ma ake buɗe kubba tun kafin jama'a su iso, madubi ya huce ya daidaita da sanyin waje. In yana da ɗumi, hoton zai yi ta kaɗawa kamar abu a ƙarƙashin ruwa.

Duniyar Jufita, wadda malaman hisabi ke kira Mushtari, ta fito tas: ratsi biyu masu duhu a jikinta, ga manyan watanninta huɗu a jere, waɗanda masanin taurari Galileo ya gani a 1610. Kada ka kama na'urar da hannu. Ƙasa tana juya digiri 15 a kowace awa, ƙaramin inji ne ke bin sama a hankali, kuma in ya tsaya, ƙasa da minti ɗaya Jufita ta fice daga ido. Gajimaren Oriyon, tarin iskar gas da ƙura a tsakanin taurari, mai nisan da haske ke yi wa shekara kusan 1,350, toka-toka yake fitowa, domin ƙwayoyin idon da ke aiki a duhu ba sa bambance launi. Dabarar ita ce ka kauda ido ɗan gefe kaɗan, sai fikafikansa su bayyana.

Abin da ya fi komai daraja a daren shi ne ɗan gilashin da ke tsaga haske ya zama launukan bakan gizo. Masanin taurari ba ya taɓa abin da yake nazari, haske kaɗai ke zuwa hannunsa, kuma a nan ake ganin yadda yake tatsar labari daga cikinsa. An nuna mana hasken tauraron Siriyos a tsage, da baƙaƙen layuka sirara a tsakanin launukan. Kowane sinadari yana da nasa layukan, waɗannan na haidirojin ne. Ta haka aka gano hiliyom a hasken rana a 1868, shekaru kafin a same shi a doron ƙasa, kuma ta haka masaniyar taurari Cecilia Payne ta nuna a 1925 cewa mafi yawan jikin taurari haidirojin ne da hiliyom. In layukan suka gusa wajen ja, abin yana nesanta da mu. In wajen shuɗi, yana matsowa. Nisa kuwa, na taurarin kusa, ana auna shi ne da ɗaukar matsayin tauraro sau biyu, wata shida tsakani, a ga ɗan gocewar da ya yi, kamar yadda masanin taurari Bessel ya yi a 1838. Abin takaici, minti goma kacal aka ba wannan sashe, alhali shi ne zuciyar ilimin.

Inda shirin ya gaza shi ne haske da layi. Ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma hasken waya guda ɗaya ya isa ya mayar da kowa baya. An rataye jajayen fitilu yadda ya kamata, amma ba wanda ya hana kunna waya tun daga bakin ƙofa. Layin kuma ya yi tsawo, kowa ya sami 'yan daƙiƙai, alhali ido sai ya daɗe a kan gilashi yake fara tsinto ƙananan abubuwa. Can dare ya yi nisa raɓa ta kwanta a gilashin gaba, hotuna suka dushe, saboda ba a kunna zoben ɗumama shi da wuri ba.

Mai son ganin ramukan wata ya zaɓi daren da wata ke rabi, lokacin da inuwa ke fito da duwatsu a kan iyakar haske da duhu. Mai son gajimare da tarin taurari masu nisa ya jira daren da babu wata. Ranar sha huɗu ba ta dace da ko ɗaya ba. A taho da rigar sanyi, domin ba a ɗumama kubba.